Igiyar Shanya Ko Injin Busar da Kaya: Ɗabi'ar Gidan Amurka Za a Ɗauka Ko Ta Ostareliya?

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai taɓa ɗaukar shanya a matsayin abin da ake zama a yi shawara a kansa ba, domin an yi wanki, an matse, an baza a igiya ko a kan katanga, kafin la'asar kuma an kwashe. Amma wanda karatu ko aiki ya kai shi Amurka ko Ostareliya, ranar da ya kama gida zai tarar da tambayar tana jiransa a ɗakin wanki: ya sayi injin busar da kaya kamar yadda maƙwabta suka yi, ko ya ɗaura igiya? Daga wannan tambaya wasu ke biyowa, wato ta ruwan wanka, da ta masai, da ta wutar lantarki da inda take fitowa. Ƙasashen biyu sun yi kama da juna ƙwarai: harshe ɗaya, manyan gidaje a unguwannin bayan gari, dogaro da mota, da arziki mai yawa. Duk da haka, idan aka shiga cikin gida za a ga hanyoyinsu sun rabu, kuma rabuwar ta isa a auna ta da lissafi kafin mutum ya kashe kuɗinsa.

A Amurka kusan gida takwas cikin goma yana da injin busar da kaya, kuma ga yawancin masu shi busarwa kashi na biyu ne na wanki, ana kwashe kaya daga wannan inji a zuba a wancan ba tare da an leƙa waje an ga ko akwai rana ba. A Ostareliya gidajen da ke da injin sun ɗan haura rabi, amma da yawa daga cikinsu sun ajiye shi ne domin ranakun ruwan sama da na hunturu. Abin da ya fi zama ruwan dare a bayan gidajensu shi ne wata igiyar shanya mai kama da laima marar rufi, an kafa ta a kan sandar ƙarfe, tana juyawa idan iska ta kaɗa, tana kuma da hannu da ake murzawa a ɗaga ta sama. Sunanta Hills Hoist. Wani mutum mai suna Lance Hill ne ya fara ƙera ta a birnin Adelaide a 1945, ko da yake Gilbert Toyne ya riga shi ƙirƙiro irin wannan tsari da shekaru masu yawa. Ta shiga jinin mutanen ƙasar har ta kai an nuna ta a bikin rufe gasar Olamfik ta Sydney a 2000 a matsayin ɗaya daga cikin alamomin ƙasa. Wannan ya nuna cewa a can shanya ba ta ɗauke da kunyar talauci. Likita da direban babbar mota duk suna baza zanin gadonsu a rana.

A Amurka lamarin ya juya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka gina sababbin unguwanni aka cika su da kayan lantarki, sai igiyar shanya ta zama alamar wanda bai samu ba. Yau mutum fiye da miliyan 70 suna zaune a unguwannin da ƙungiyoyin masu gidaje ke tafiyarwa, kuma da yawa daga cikin waɗannan ƙungiyoyi sun rubuta a dokokinsu cewa ba a shanya a inda ido zai gani, bisa hujjar cewa hakan yana karya darajar gidaje. Ana cin mutane tara a kan haka. Abin ya kai sai da wasu jihohi suka sa baki da doka: Fulorida ta daɗe da hana a haramta wa mai gida igiyar shanya, Kolorado da Hawayi da Maine da Vermont sun bi sahu, Kalifoniya kuma ta yi tata dokar a 2015 zamanin Gwamna Jerry Brown. A ganina wannan shi ne ɓangare mafi ban takaici a duk maganar, domin rana kyauta ce, kuma hana mutum amfani da ita don gudun idon maƙwabci bai da wata hujja ta lafiya ko ta tsaro. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa a Ostareliya ma benaye masu ɗakunan haya da yawa suna hana rataya kaya a baranda idan ana hango su daga titi, saboda haka 'yancin shanyar da ake yabonsu da shi na masu gida da tsakar gida ne.

To nawa injin yake ci? Injin busarwa na gargajiya, wanda ke dafa iska da waya mai zafi ya hura ta cikin kaya sannan ya fitar da ita waje ta bututu, yakan sha kamar yunit uku na wuta a kowane zubi, yunit ɗin nan dai da aka sani a mitar kati, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Iyalin da ke busar da zubi biyar a mako za su sha kusan yunit 780 a shekara. A matsakaicin farashin Amurka, wanda ke kusa da santi 17 kowane yunit, kuɗin bai wuce dala 130 da ɗoriya ba. A Ostareliya, inda yunit ya kai santi 30 ko fiye na kuɗinsu a yawancin jihohi, lissafin ya haura dalarsu 230. A nan ake gane cewa bambancin ɗabi'a bai tsaya ga hali ba: wuta mai araha ce ta koya wa Ba'amurke mantawa da rana, wuta mai tsada kuma ta riƙe ɗan Ostareliya a jikin igiyarsa.

Akwai wani lissafi da ya fi na aljihu muhimmanci ga wanda muhalli ya dama, kuma shi ne wanda mutane suka fi yin kuskure a kansa. Yunit ɗin wuta ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Amurka kwal ya ragu zuwa kusan kashi 16 cikin ɗari na wutar da aka samar a 2023, iskar gas ta ɗauki fiye da kashi 40, tashoshin nukiliya kuma kusan kashi 19. Ostareliya ba ta da tashar nukiliya ta lantarki ko ɗaya, kuma a shekarar nan kwal ne ya samar da kusan rabin wutarta. A jihar Victoria ana ƙona kwal mai launin ƙasa-ƙasa mai danshi na kwarin Latrobe, wanda yana cikin mafi ƙazantar makamashi a duniya. A New South Wales da Queensland ma kwal ne ginshiƙi. Ma'anar wannan ita ce injin da aka kunna da daddare a Melbourne, babban birnin Victoria, yana sakin hayaƙin kabon fiye da irinsa da aka kunna a yawancin biranen Amurka. Yunit 780 ɗin nan a Amurka zai bar kamar kilo 300 na iskar kabon a shekara, a gabashin Ostareliya kuwa yana iya kaiwa rabin tan. Tsibirin Tasmaniya ne ya fita daban, domin wutarsa daga madatsun ruwa take, kamar yadda jihar Washington ta Amurka take. Saboda haka wanda ke zaune a yankin kwal shi ne ya fi kowa dalilin riƙe igiya, ko a wace ƙasa yake.

Kada kuma a kambama abin ya wuce girmansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa motar gida guda ɗaya tana sakin kusan tan 4.6 na iskar kabon a shekara, wato ninkin abin da injin busarwa ke saki sau goma sha biyar ko kusa da haka. Ƙasashen biyu kuma, idan aka raba hayaƙinsu bisa yawan jama'a, kowanne mutum yana ɗauke da tan 14 zuwa 15, adadin da ya sa su a sahun gaba a duniya. Ɗan Ostareliya da ya shanya kayansa sannan ya hau Ford Ranger ko Toyota HiLux ya tafi sayen burodi bai fi Ba'amurke mai Ford F-150 da komai ba. Abin da ya sa shanya ta cancanci dogon bayani shi ne tana cikin 'yan abubuwan da mutum zai iya canzawa yau, ba tare da bashi ko izinin hukuma ba, kuma ribarta ba ta tsaya ga hayaƙi ba.

Ribar farko tana jikin tufafin kansu. Ɓurɓushin da ke taruwa a matatar injin bayan kowane zubi zaren kayan ne da zafi da gogayya suka kankare, don haka shadda da atamfa da leshi da aka ɗauko daga gida da tsada ba su da abokin gaba kamar wannan inji. Yana tsuke su, yana kashe ƙyallinsu, yana lalata aikin zare. Ɓurɓushin nan kuma yana kama wuta. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana samun gobarar gida kusan 2,900 a shekara daga injinan busarwa, kuma babban dalili shi ne rashin share matata da bututu. A ɗaya ɓangaren, rana ma tana da nata lahani, musamman ranar Ostareliya wadda ƙarfinta ya sa ƙasar ke cikin mafi yawan masu cutar dajin fata a duniya. Tana cinye launi da sauri, shi ya sa mutanen can ke juya kaya ciki waje kafin su shanya, masu duhun launi kuma a sa su a inuwa. Wanda ke fama da asma ko atishawar ƙurar furanni zai ga cewa zanin gadon da ya kwana a waje lokacin bazara yana shigo masa da abin da yake gudu, kuma a lokutan gobarar daji, irin wadda ta lulluɓe Sydney da Canberra da hayaƙi a ƙarshen 2019 da farkon 2020, ko irin waɗanda Kalifoniya ke gani kusan kowace shekara, babu mai shanya a waje.

Yanayi ne yake raba gardama a wurare da dama. A Perth ko Adelaide ko Arizona, tawul yana bushewa cikin awa biyu, kuma sayen injin a can kusan asarar kuɗi ce. A Minnesota ko Michigan, inda dusar ƙanƙara ke rufe tsakar gida wata huɗu, igiyar waje ba ta da amfani a hunturu, amma akwai abin da baƙi ba su cika sani ba: gidan da ake ɗumama shi dare da rana iskarsa takan bushe ƙwarai har leɓe ya tsattsage, don haka kayan da aka baza a kan maratayin ƙarfe mai naɗewa a cikin ɗaki suna bushewa kafin safiya, suna kuma mayar wa iskar ɗan danshin da ta rasa. Wurin da shanya cikin ɗaki ke da haɗari shi ne gida mai sanyi da danshi wanda ba a ɗumamawa sosai, kuma abin mamaki irin wannan gida ya fi yawa a Melbourne da Sydney da Hobart fiye da Amurka. A can jiƙaƙƙen kaya a rufaffen ɗaki yana haifar da baƙin fumfuna a bango, wanda ke cutar da ƙirjin yara. Ga iyali masu jariri a irin wannan gida, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare da ke buƙatar kayan aikinta gobe da asuba, injin yana da hujja, kuma ba na ganin laifin wanda ya saya. Sai dai in za a saya, a sayi sabon samfurin da ke juya zafinsa yana sake amfani da shi maimakon ya watsar da shi waje. Yana da tsada a farko kuma yana ɗaukar lokaci, amma yana shan kusan rabin wutar na gargajiya, ba ya kuma buƙatar a huda bango.

Kafin a bar ɗakin wanki, akwai ɗabi'a guda da ba ta buƙatar tunani mai tsawo. Mafi yawan gidajen Ostareliya da ruwan sanyi suke wanki, alhali a Amurka ruwan ɗumi ya daɗe yana zaman al'ada. Kusan kashi 90 cikin ɗari na makamashin da injin wanki ke ci yana tafiya ne wajen dafa ruwa, sabulun zamani kuma an haɗa shi ne ya yi aiki a ruwan sanyi. A nan a bi Ostareliya kai tsaye, in ban da kayan mara lafiya ko ƙyallen jariri.

Maganar ruwa ita ce inda tazarar ta fi faɗi, kuma tarihinta a bayyane yake. Daga wajajen 1997 zuwa 2009 kudu maso gabashin Ostareliya ya sha fari mafi tsanani da aka rubuta a tarihinsa, madatsun da ke shayar da Brisbane suka sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A 2007 hukumomin yankin suka sa wa kowane mutum burin lita 140 a rana, suka raba wa gidaje ƙananan agogon yashi na minti huɗu domin a manna a banɗaki, aka hana wanke mota da tiyo da ban ruwan ciyawa. Melbourne ta biyo da nata burin na lita 155. Mutane suka koyi ajiye bokiti a ƙarƙashin shawa su tari ruwan da ke zuba kafin ya yi ɗumi, su kai wa shuka. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan ruwan sama ya dawo ɗabi'ar ba ta tafi gaba ɗaya ba. Har yanzu mutumin Melbourne yana amfani da kamar lita 160 a rana, alhali matsakaicin Ba'amurke a gidansa yana amfani da galan 82, wato kusan lita 310. Kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan gidajen Amurka a waje yake ƙarewa, mafi yawansa a kan ciyawar ado da ba a ci ba a kiwo.

Kayan aikin ma sun bambanta. Masai mai maɓalli biyu, ƙarami don fitsari babba don bayan gida, kamfanin Caroma ne ya fito da shi a 1980 ta hannun wani ma'aikacinsa Bruce Thompson, kuma samfurin yanzu yana zubar da lita 4.5 ko lita 3. Amurka ta bi wata hanya: dokar makamashi ta 1992 ta ƙayyade galan 1.6, kusan lita 6, a kowane zubi, wanda ci gaba ne babba idan aka tuna tsofaffin da ke zubar da lita 13 ko fiye. Mutumin da ke danna masai sau biyar a rana zai kashe lita 30 a tsarin Amurka, lita 16 da rabi a na Ostareliya idan ya danna babban maɓalli sau ɗaya, ƙaramin kuma sau huɗu, bambancin da ya kusa lita 5,000 a shekara ga mutum ɗaya. Irin wannan masai yanzu ana samunsa a shagunan Amurka, don haka wanda ya mallaki gida kuma lokacin canji ya yi ba shi da dalilin sayen wani. Kusan gida ɗaya cikin huɗu a Ostareliya yana da tankin tarar ruwan sama daga indararo, abin da a Kolorado sai a 2016 doka ta halatta, shi ma ganga biyu kawai da ba su wuce galan 110 ba, saboda tsohuwar dokar jihar da ke ɗaukar ruwan sama a matsayin haƙƙin masu gonakin da ke ƙasan kogi. Yammacin Amurka dai ya fara koyon darasin da kansa: bayan tafkin Mead da ke shayar da Las Vegas ya ja baya ƙwarai, birnin yana biyan masu gida kuɗi su cire ciyawa, jihar Nevada kuma ta yi doka a 2021 ta haramta ciyawar ado marar amfani a wuraren kasuwanci da gefen tituna na yankin. Ga wanda ya saba wanka da bokiti guda da alwala da buta, ɗabi'ar Ostareliya ba sabon abu ba ce. Abin da ake buƙata kawai shi ne kada ya yar da abin da ya zo da shi don ya ga famfo ba ya ɗaukewa.

Kan rufin gida kuma Ostareliya ta yi wa duniya fintinkau. Kusan gida ɗaya cikin uku yana da faifan sola, adadin ya haura miliyan 4 a ƙarshen 2024, a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 28 ba. A Amurka ba a kai gida ɗaya cikin goma ba. Dalilin ba ƙarancin rana ba ne, tunda Texas da Arizona ba su rasa ta ba. Tsadar kafawa ce, domin abin da ake kafawa a Ostareliya da kusan dalarsu ɗaya kan kowane wat yakan kai dalar Amurka uku a can, saboda dogon neman izini da kuɗin 'yan talla da dokokin da suka bambanta daga gari zuwa gari. Wannan yana komawa kan tambayarmu ta farko, domin mai sola a rufinsa da ya kunna injin busarwa da tsakar rana bai ƙona kwal ba, bai kuma biya kowa ba. Mai gida a Ostareliya da zai zauna shekara biyar ko fiye, kafa sola shawara ce mai sauƙi. A Amurka sai an zauna da alƙalami an duba farashin wuta na jihar da abin da kamfanin lantarki ke biya kan rarar da aka mayar masa, domin a Kalifoniya an rage wannan biya sosai tun 2023.

Akwai fage guda da ya kamata a juya a bi Amurka, kuma babba ne. Gidajen arewacin Amurka an gina su da sanin cewa sanyi yana kisa: bango da rufi cike da abin tare zafi, tagogi masu gilashi biyu, ƙofofi da ba sa barin iska ta kurɗa. Tsofaffin gidajen Ostareliya da yawa gilashi ɗaya ne, da ramuka a ƙarƙashin ƙofa, har baƙin da suka zo daga Kanada kan ce ba su taɓa jin sanyi a cikin ɗaki kamar na Melbourne ba. Sai a 2022 aka ɗaga ma'aunin tare zafi da sanyi na sababbin gidaje zuwa taurari bakwai cikin goma. Ɗumama gida da sanyaya shi su ne suka fi cin makamashi a gidajen ƙasashen biyu, sun ninka busar da kaya sau da yawa, don haka ɗan hayar da ya toshe ƙasan ƙofa, ya rataya labule mai kauri, ya rufe ɗakunan da ba a kwana a ciki, ya rage abin da ya fi na igiya. Inda Amurka ke ɓarar da wannan riba shi ne wajen sanyaya gida duka da na'ura guda har sai an nemi bargo a watan Yuli. Kusan gida tara cikin goma yana da na'urar sanyaya ɗaki, kuma matsakaicin gida yana shan yunit fiye da 10,000 a shekara, kusan ninki biyu na gidan Ostareliya.

Ga ɗan haya da bai mallaki rufi ko masai ba, zaɓin ya taƙaita amma bai ƙare ba. Kafin ya sa hannu a takardar haya ya karanta sashen da ya shafi baranda da tsakar gida, ya tambayi mai gidan ko wakilinsa a fili ko an yarda da shanya, ya kuma duba ko jiharsa tana cikin masu dokar kare igiya, domin a Kalifoniya dokar 2015 ta haɗa da 'yan haya muddin igiyar ko maratayin yana wurin da ya keɓanta da su, bai tare hanya ba, kuma mai gidan ya amince da shi. A benayen Amurka da ake biyan kuɗi kan kowane zubi a ɗakin wanki na tarayya, maratayi mai naɗewa na dala ashirin ko talatin yana mayar da kuɗinsa cikin 'yan watanni. A ajiye shi kusa da taga, a bar tagar a ɗan buɗe idan ɗakin yana da danshi, a kuma sa injin wanki ya matse kayan da juyi mafi ƙarfi kafin a baza su.